Wa Ke Zaɓa Mana Waƙar da Muke Ji? Memori da 'Yan Tura Waƙa a Zamfara

Karɓi memorin direban da ke jigila tsakanin Gusau da Talata Mafara ka duba abin da ke ciki. Za ka tarar da karatun Alƙur'ani da tafsirin azumin bara, sai waƙoƙin bege, sai Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Sa'idu Faru, sai Shata, sai nanaye na finafinan Kano, sai waƙoƙin Indiya na zamanin gidan silima, sai waƙar wani ɗan takara da ya sha kaye tun zaɓen 2019 amma ba a goge ta ba. Tsakanin wadda ta fi tsufa da wadda ta fito jiya akwai shekara sittin ko fiye. Tambayi direban ko shi ya tara su, zai ce maka a'a, loda masa aka yi. Wanda ya yi lodin shi ne abin dubawa, domin ikon da a da yake hannun gidan rediyo da masu shagon kaset yanzu a hannunsa yake. Ba wanda ya naɗa shi, kuma shi kansa bai san yana riƙe da wani iko ba.

Masu wannan sana'a ana ce musu 'yan dawunlodin, ko masu tura waƙa. Suna nan a Bebeji Plaza ta Gusau inda ake hada-hadar waya, suna nan a bakin kowace tasha, ranar kasuwar Shinkafi ko ta Tsafe kuma za ka gan su ƙarƙashin lema da laftof da ɗan janareto, galibi suna haɗawa da cajin waya. Cinikin ba ya cin lokaci. "Baba, wace iri za a sa maka?" "Ɗana, sa mini na dauri, ka ƙara da wa'azi." Shi ke nan. Dattijon bai ambaci sunan waƙa ko ɗaya ba. Yaron ne zai buɗe foldar da ya sa wa suna gargajiya, ya kwashe ta ɗungurungum ya zuba masa. Idan budurwa ce ta zo, ya san foldar da zai buɗe tun kafin ta yi magana, haka idan ɗan acaɓa ne. Daga hula da shekaru yake karanta mutum, kuma yawanci yana dacewa. Dacewar ce ma abin tsoro, domin wanda kullum ake ba shi abin da aka san zai so, ba zai taɓa cin karo da abin da bai san zai so ba.

Ba za a gane girman canjin ba sai an waiwayi mazuban da waƙa ta zauna a ciki kafin yau. Makaɗin fada na asali ba shi da mazubi sai kunnen mutane. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, a ƙofar fada yake waƙa, daren Juma'a ko ranar Sallah. Wanda ya zo ya ji, wanda bai zo ba ya ji labari. Da faifan garmaho ya zo, gefe ɗaya minti uku ne da 'yan kai, sai aka matse waƙar da ake raba dare ana yi ta shiga wannan ɗan fili. Rediyo ne ya buɗe ƙofa. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, shi ya ɗauki muryoyin makaɗan Sakkwato da Zamfara da Kabi ya kai su Kano da Borno da Maraɗi. Rima Radio ma ta yi nata daga Sakkwato, lokacin da duk muke jiha ɗaya, kafin a yanke Kebbi a 1991, Zamfara a 1996. A shirin Zaɓi Sonka mai sauraro ke aika kati da jerin waɗanda yake gaisarwa, amma mai gabatarwa ne ke da faifai a gabansa, shi ke yanke abin da zai biyo bayan wane. Shi ne mai zaɓe na farko da jama'a suka sani, kuma yana da abu guda da na yanzu ba shi da shi, wato baki. Kafin ya saki waƙa sai ya ce ga mai ita, ga wanda aka yi wa.

Sai kaset ya zo, na minti 60 ko na minti 90, rabi a kowane gefe. Mai shago yana da rikoda mai baki biyu, ka faɗa masa abin da kake so ya kwafa maka. Ƙarancin fili shi ke tilasta tunani. Doguwar waƙar Shata guda za ta iya cinye gefe ɗaya, don haka dole ka yanke shawarar wadda za ta shiga da wadda za ta jira wani kaset. Sannan a ɗauki biro a rubuta sunaye a takardar kwalin. Mutum ya san kowace waƙa da ke cikin kasetinsa, har ya san inda zaren ya taɓa tsinkewa aka liƙe. Memori mai giga takwas kuwa, idan aka ƙiyasta kowane minti na waƙa a kan mega ɗaya, zai ɗauki sama da awa 130. Ba wanda zai zauna ya tantance awa 130. Sai zaɓe ya tashi daga kan waƙa ya koma kan folda.

Foldar kuma ba mai shagon ne ya gina ta daga tushe ba. Kwafo ta ya yi daga wanda ya koya masa sana'a, shi ma daga wani a Kano ko Kaduna, shi ma daga wani bawan Allah da ya taɓa zama shekarun baya ya juye tsofaffin kaset cikin kwamfuta. Shi ya sa za ka loda gargajiya a Ƙaura Namoda, ka loda wata a Gummi, ka tarar kusan abu ɗaya ne, har da wurin da wata waƙa ta katse a tsakiya, har da tarin wani mutum da rikoda ta ɗauka ran da aka yi kwafin farko. Abin da muke ɗauka taskar waƙoƙin Hausa ce, a gaskiya zaɓin wasu 'yan tsirarun mutane ne da ba a san su ba, ake ta haifarsa.

Wani zai ce ai wannan zance ya tsufa, yanzu kowa YouTube da Audiomack da TikTok yake yi. A birni, tsakanin masu kuɗin data, haka ne. Amma Zamfara ta ga gwajin da ya nuna inda ƙarfin yake. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu wurare suka yi makonni ba sabis, wasu suka fi haka. Wanda waƙarsa ke kan intanet ya wayi gari hannu wofi. Mai memori bai rasa ko baiti ɗaya ba, kuma Xender da Bluetooth ba sa neman sabis, waya ce ke zuba wa waya. Bayan wannan, akwai tsofaffin waƙoƙin da ke kan YouTube ɗin da daga waɗancan foldojin aka ɗora su, tare da kurakuransu.

To, me waƙa ke rasawa idan ta shiga wannan tari? Abu na farko suna ne, kuma a nan asarar ta fi tsanani.

Waƙar soyayya za ka iya jin ta ka more ba tare da sanin komai a kanta ba. Waƙar fada ba haka take ba. An gina ta ne a kan mutum guda a wani lokaci guda. Tana da ubangida. Tana da gindi wanda 'yan amshi ke komawa kansa, tana da ɗiya, wato baitoci, masu ɗauke da jerin iyaye da kakanni da garuruwan da ke ƙarƙashin sarautar, da zambo ga ɗan sarkin da ya nema bai samu ba, da habaici ga bafaden da ya tare kyauta. Ɗauki Sa'idu Faru na ƙasar Maradun. Da yawa daga cikin fitattun waƙoƙinsa ya yi su ne ga Muhammadu Macciɗo lokacin yana Sarkin Kudu a Talata Mafara, shekaru masu yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Wanda ya san wannan, idan ya ji Faru yana yi wa ubangidansa fatan gadon gidansu, ya san mawaƙi yake ji yana magana a kan abin da bai auku ba tukuna, a gaban mutanen da su ma kowa da nasa gwani. Akwai ƙarfin hali a ciki, akwai siyasa. Wanda bai sani ba, kotso kawai yake ji mai daɗi. Haka waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo ga Sardauna Ahmadu Bello, da 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar: kowace da zamaninta, kowace da abin da ya sa aka yi ta, kuma rabin ma'anarta yana cikin wannan dalili.

A cikin memori sunan irin wannan waƙa shi ne wani dogon jerin lambobi da WhatsApp ya laƙaba mata. Idan an yi sa'a an rubuta suna, sau da yawa na wanda ya fi shahara ne. Duk abin da aka ji kotso da amshi a ciki sai a jefa shi foldar Ɗanƙwairo ko ta Narambaɗa. Duk kalangu na Shata ne. Duk kukuma ta Garba Supa ce, ko da kuwa Hassan Wayam ne, wanda shi ma ɗan ƙasar Maradun ne kafin ya zauna Zariya. Manyan sunaye na haɗiye ƙanana yadda babban kifi ke yi a gulbi. Makaɗin wani hakimi da ya yi waƙa uku masu kyau a duk rayuwarsa, rediyo ya ɗauka sau ɗaya, yau waƙoƙin na yawo da sunan wani. An shafe shi alhali muryarsa na tashi a kowace tasha. Ga kuma ruɗanin uba da ɗa, domin kiɗan fada gado ne. Ɗanƙwairo a gidansu ya gada, ya yi amshi a ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayari, bayan rasuwarsa a 1991 kuma 'ya'yansa suka ci gaba da rera waƙoƙinsa. Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri shi ma mahaifinsa ya gada. Folda ba ta bambance abin da uba ya rera da abin da ɗa ya maimaita, kuma waɗanda ke iya bambancewa da kunne suna ta raguwa.

Bayan suna sai jikin waƙar kanta. Dije, wato mai sakin kiɗa a wurin biki, zai ɗora muryarsa da lambar wayarsa a kai, kuma ba ya zaɓar ko'ina sai kan baitin da ya fi daɗi, don ya san nan ne ba za a yanke ba. Wata waƙar kuma daga kaset mai ja aka juyo ta, murya ta yi kauri ta yi nauyi, yaro ya tashi yana zaton haka mutumin yake waƙa. Sai kuma yanka. Waƙar minti ashirin ta koma daƙiƙa talatin a sitatus, an tsinko layin zambo guda an jefi kishiya da shi, ko abokin hamayyar siyasa. A nan ba zan bi masu kuka da zamani ba, domin ta wannan ƙofa ce matasa da yawa suka fara jin sunan Narambaɗa, wasunsu har suka je neman cikakkiyar. Amma tsinken baiti yana koya wa mutum cewa makaɗan nan masu zuba karin magana ne kawai, alhali gwanintarsu tana wurin gini: yadda jagora zai yi nisa da zance, ya shiga zambo, ya fita, ya miƙa wa 'yan amshi su ƙarasa masa, sannan a dawo gindin waƙa daidai kan bugun kiɗa. Wannan ba ya shiga daƙiƙa talatin. Kuma da Hausar yamma aka yi waƙoƙin, wadda ko a cikin garin Gusau yaran yanzu na barin ta suna komawa Hausar fim, balle wanda ya zauna a wata jiha yana rubuta baitocin a ƙarƙashin bidiyo yadda kunnensa ya ba shi.

Akwai masu ganin cewa ajiye Narambaɗa kusa da nanaye raini ne ga manya. Ban yarda da su ba. Kunnen mutumin wannan yanki bai taɓa zama na kiɗa ɗaya ba. A ranar kasuwa guda ta da, za ka ji kalangun mahauta, ka ji goge a wani lungu, ka ji makaho na bara da waƙar wa'azi, da yamma a tafi dambe, irin fagen da Ɗan Anace ya yi wa Shago kiɗa har sunan ɗaya ba ya tashi sai da na ɗayan. Gidajen silima sun kawo waƙoƙin Indiya tun kafin a haifi yawancin mawaƙan fiyano, rediyo ya kawo na Sudan da na Nijar, mutumin Kamba ko Argungu kuwa da kiɗan Zabarmawa ya tashi. Nanaye kanta 'yar wannan cakuɗa ce. Abin da ya sauya shi ne a da kowane kiɗa yana da wurinsa da lokacinsa, dole ka tashi ka je. Yanzu danna maɓalli ɗaya ne tsakanin fadar Isa, inda Narambaɗa ya yi waƙa, da sitidiyon Kano.

Iyaka ɗaya ce mutane suka tsare da gaske, ita ce ta tsakanin karatu da kiɗa. 'Yar sifikar nan mai araha ba ta san folda ba, abin da ya biyo baya take saki, don haka sura na iya ƙarewa kiɗa ya tashi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda direba ke kai hannu da sauri a irin wannan lokaci ya san abin na damun mutane. Shi ya sa da yawa ke riƙe memori biyu, ko su ja wa yaron kunne: "Malam, kada ka haɗa mini su." Kuma yana rabawa, domin ya san in bai raba ba ciniki zai koma shagon maƙwabci. Wannan ya nuna masu tura waƙa na iya tsari idan mai saye ya nema. Rashin sunaye da rashin bayani ba gazawar na'ura ba ce. Ba wanda ya taɓa mayar da memori don an rubuta Ɗanƙwairo a kan waƙar Faru.

Abin da ya sa maganar ta fi nauyi a Zamfara shi ne fagen kiɗa na fili ya tsuke. Tun daga 1999 da gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'a, kiɗan da ke tara maza da mata wuri ɗaya ya shiga takura. Daga baya rashin tsaro ya zo da abin da ya fi wannan: ya hana taron dare a ƙauyuka, ya rage gayya da wasannin kaka, ya tashi garuruwa ɗungum. Yaron da ya girma yana gudun hijira a Gusau ko Anka, mai yiwuwa bai taɓa ganin an ɗaura kotso a gabansa ba. Abin da ke cikin wayar yayansa shi ne gargajiyarsa gaba ɗaya.

Saboda haka sai a tambayi abin da ba ya cikin foldar. Babu waƙoƙin daka da na niƙa da na daɓe da na reno, babu gaɗar 'yan mata a dandali. Mace a foldar gargajiya kusan ita ce Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, sai wata ɗaya ko biyu ta amada idan mai shagon ya ƙoƙarta. Waƙoƙin noma kaɗan ne, na maƙera da masunta sun fi ƙaranci, duk da cewa bikin kamun kifin Argungu ya shiga kundin UNESCO tun 2016. Kiɗan Uhola na Dakarkarin Zuru, da na Kambari, da na Gungawan Yawuri, da waƙoƙin Fulani makiyaya, sai dai a wayoyin masu su. Rubutacciyar waƙa ma ta faɗi tsakanin kujeru: irin ta Aƙilu Aliyu mutumin Jega, wadda ake rerawa ba kiɗa, ba ta shiga foldar wa'azi ba, ba ta shiga ta makaɗa ba, sai aka bar ta. Dalilin duk wannan ba boyayye ba ne. Abin da aka ɗauka a faifai da rediyo tun farko shi ne na wanda ke da ubangida mai iya kai shi birni, ko wanda sunansa ya kai kunnen ma'aikatan rediyo. Kaset ya gaji wannan son kai, kwamfuta ta gada daga kaset, memori ya gada daga kwamfuta. Wanda zai auna al'adar Hausa da foldar gargajiya zai ɗauka kakanninmu ba abin da suka iya sai yabon sarakuna da attajirai.

Akwai kuma folda guda da ke sa mai tunani ya tsaya. Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, ya kuma taɓa ɓarayi. Muhammadu Gambu na ƙasar Kebbi kuwa da waƙar ɓarayi ya yi suna, kafin daga baya ya bayyana cewa ya tuba ya bar ta. Shekaru da yawa ana sauraren su ana dariya, ana mamakin hikima, masana na nazarinsu. Yau a jihar da kusan kowane gida ya san wanda aka sace ko aka kashe, kuma sababbin waƙoƙin yabon 'yan bindiga sun yi yawo a wayoyi, tambayar ta canza. A sa Gambu a memorin yaro ɗan shekara goma sha biyar ko a cire? Ni ina ganin sharewa wauta ce. Ɓarawon da Gambu ya waƙe na wani zamani ne, mai haura katanga da dare, kuma waƙoƙin sun adana yadda al'umma ta kalli sata da tsoro da wayo a lokacin. Amma ajiye shi a folda ɗaya da waƙar da aka yi wa wanda ya ƙone ƙauye bara, ba tare da kalma ɗaya ta bayani ba, yana ba sabuwar rigar tsohuwar, kamar duk gado ɗaya ne. Mai gabatar da shiri a rediyo da ya ce wani abu kafin ya saki irin wannan. Folda ba ta cewa komai, kuma yaron da ke lodin, in ka tambaye shi, zai ce maka shi abin da aka nema yake bayarwa.

Sai maganar kuɗi, inda ake yawan yin kuskuren ɗaukar duk mawaƙa abu ɗaya. Makaɗin fada bai taɓa rayuwa da sayar da kwafi ba. Abincinsa kyauta ce: doki, riga, hatsi, gona, daga baya mota da kujerar Makka. Yawan yawon waƙa riba ce a gare shi, domin ubangida na jin sunansa ya kai nesa, wani basaraken kuma na jin kishi ya aiko a zo. Wanda kwafi ya yi wa illa shi ne mawaƙin sitidiyo, wanda ke biyan mai kiɗa da mai haɗa sauti yana sa ran mayar da kuɗinsa daga kaset ko faifan sidi. Memori ya kashe wannan kasuwa cikin 'yan shekaru. Me mawaƙan suka yi? Suka koma inda kakanninsu suka tsaya. Waƙar ɗan takara, waƙar amarya da ango, waƙar naɗin sarauta, waƙar attajiri: a biya ka tun kafin ka shiga sitidiyo, sannan ka saki waƙar kyauta, har ma ka roƙi 'yan dawunlodin su yaɗa ta. Mai tura waƙa ya zama sanƙiran zamani ba tare da an ɗauke shi aiki ba. Masu ƙorafin cewa waƙar yanzu duk ta zama ta roƙo da siyasa, ya kamata su duba nasu hannu a ciki, domin al'ummar da ta daina sayen waƙa ta bar mawaƙi da mai saye ɗaya, shi ne mai son a yabe shi.

Doka dai tana nan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50 daga fitowarsa. A lissafin nan waƙoƙin Ɗanƙwairo na da kariya har 2061, na Shata, wanda ya rasu a 1999, har 2069. Amma wa zai kama wa? Yaron da ke karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a ƙarƙashin lema ba shi ne ke cin moriyar ba. Idan akwai kuɗi na gaske, yana wurin masu ɗora tsofaffin waƙoƙi a YouTube suna karɓar ladan talla a kan muryar da ba tasu ba, ba ta ubansu ba. Kuma ko an ce a biya, waƙar fada aikin ayari ce. Jagora ne ke da suna, amma 'yan amshi na ƙara ɗiya, makaɗa na riƙe da kiɗa, wani lokaci ma a cikinsu ne gindin waƙar ya fito. Iyalan waɗannan ba wanda ke ambatonsu.

Ilimin da za a gyara foldojin da shi ba ɓacewa ya yi ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗan baka da matanin waƙoƙinsu, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa, ɗaliban Hausa a jami'ar Sakkwato da kwalejojin ilimi sun cika kabad da kundaye, kowane a kan wani makaɗi na wani gari. Jami'o'in tarayya na Gusau da Birnin Kebbi, waɗanda aka kafa a 2013, suna zaune a tsakiyar ƙasar da ta haifi mafi yawan waɗannan mutane. Matsalar ita ce masu sanin suna ba su da hanyar yaɗawa, masu hanyar yaɗawa ba su san suna ba, kuma ɓangarorin biyu ba sa zama inuwa ɗaya. Tunda an ga folda ɗaya ce ke haihuwa daga Ƙaura zuwa Gummi, to ita ma gyararriya haka za ta haihu. Aikin shi ne a zauna da tsofaffin 'yan amshi da magada, a saurari kowace waƙa, a rubuta mai ita da wanda aka yi wa da kayan kiɗan a jikin sunan fayil, sannan a miƙa ta kyauta ga manyan 'yan dawunlodin biyar ko shida. Ba ya buƙatar ginin gidan tarihi ko bikin yanke kintinkiri, watakila ma shi ya sa ba wanda ya ɗauke shi da daraja.

Magadan makaɗa su ne suka fi kowa shiga tsaka mai wuya a wannan lamari. Memori ne ke riƙe da sunan gidansu a bakin duniya, da shi ne mai naɗin sarauta ke tuna cewa akwai gidan Ɗanƙwairo ko gidan Faru har ya aika a kira su. Amma kuma shi ne babban abokin gasarsu. Ɗa zai zo da ayarinsa, mutum goma ko fiye, kowa na bukatar kuɗin mota da abinci da sallama, ga hanya ba lafiya. A gefe guda kuma ga muryar ubansa lokacin tana kan ganiyarta, kyauta, a cikin sifikar da dije ya riga ya kafa a filin taro. Masu biki da yawa sun yi wannan lissafi, kuma dije suka ɗauka.